Itacen Wankan Yaya Rabi

Asabar ta biyu a watan Agustan bana, da misalin ƙarfe huɗu da rabi na yamma, mu uku ne a barandar gidan yayata Rabi a Mahuta: ni, da ita, da 'yarta Bilki wadda ta haihu ta zo gida wanka. Ruwa ya kwana uku yana sauka, ba mai ƙarfi ba, irin wanda ke jiƙa bango ya hana shanya bushewa. Yaya ta ɗora tukunya a kan gas, ta watsa ganyen darbejiya a ciki. Bilki tana ta mita, wai likita ya ce ruwa mai ɗumi ya isa, ba sai an fige ta kamar kaza ba. Yaya ta ce ita da aka fige ga ta nan da ranta, har da jikoki. Suka yi dariya. Ni ban yi ba. Ƙamshin darbejiya a tafasasshen ruwa, in ya haɗu da warin jiƙaƙƙiyar ƙasa, wuri ɗaya yake kai ni: gidanmu na Makera, daminar da aka haifi Bilkin nan, shekara talatin da 'yan kai ke nan.

Gidan ɗaki huɗu ne da zaure. Baba tela ne, a zauren kekensa yake, ma'aikatan masaƙun Kakuri ne masu kawo masa ɗinki. Rijiya tana tsakar gida. Masai yana kusurwar yamma, taku goma sha biyu daga bakin rijiyar, na maƙwabtanmu na baya kuma yana jikin katangarmu. Daga baya na auna, a lokacin da awon ba shi da amfani. Ni ina shekarata ta biyu a sashen Hausa na wani gidan rediyo a tsallaken kogi. Aikina fassara. A kawo takarda da Turanci, in mayar da ita Hausa, wani lokaci in karanta da kaina.

Famfon layinmu ya ƙafe tun bazara, har yara sun mai da kansa abin lilo. Kananzir ya ɓace daga gari. Inna ta goge rishonta ta ɗora a saman kabad kamar kayan ado. Man fetur ma haka, motocin haya sai ɗai-ɗai, kowace cike har ƙofa. Da babu mai, masu kawo itace daga daji suka rage shigowa, wanda ake samu kuwa ɗanye ne ko jiƙaƙƙe. Ka hura har idonka ya yi ja, ya yi ta hayaƙi yana fitar da kumfa ta gindi. Wasu suka koma murhun garin katako, shi ma damina ta jiƙa shi. Girki ya koma sau ɗaya a rana: tuwo da yamma, da safe a ci sauransa, in an sami wuta a ɗumama, in ba a samu ba a ci haka da miya mai sanyi. Gidan duka warin hayaƙi da danshi yake, har tufafin da ke cikin akwati.

Cikin wannan hali Yaya Rabi ta haihu. Haihuwar fari ce, don haka a gida za ta yi wankan jego, kwana arba'in, safe da yamma. Itacen wanka kuwa a kan miji yake. Mijinta Malam Sani kafinta ne a Tudun Wada, mutum mai tsari, tun rani yake tara itace yana ɓoyewa a bayan shagonsa. Washegarin haihuwa sai ga amalanke biyu a ƙofar gidanmu, shaƙe da busasshen marke, irin wanda in ka buga biyu sai su yi ƙara kamar ƙarfe. Matan layi suka yi ta leƙowa. Wata ta ce wa Inna wannan ba suruki ba ne, gwamna ne. Aka jera itacen a ɗakin da ba kowa, aka rufe da tsohuwar tabarma.

A ranar Baba ya faɗi dokarsa, sau ɗaya, bai maimaita ba: itacen nan na wankan matar mutum ne, da kununta, da ruwan shanta. Ba na tukunyar gidan nan ba ne. Inna ta fi shi tsanani. Ko garwashi ba ta ɗiba daga wutar wanka ta kai murhun girki. In an sauke ruwa sai ta kwashe shi a kasko ta kai ɗakin mai jego, ta dawo ta durƙusa gaban namu jiƙaƙƙen itacen tana fifita da murfin kwano.

Inna ba ta taɓa kiran sunan Yaya ba, kunyar 'yar fari. Waccan take ce mata, ko yarinyar nan. Ko jaririyar ba ta ɗauka a gaban mutane. Amma ita ce ke tashi da asuba ta tashe ni, in ja guga tana juyewa a rabin duro har ya cika. Ta haɗa wuta. Busasshen itace ba ya gardama, kafin gari ya waye sosai ruwan ya soma tsalle, yana tafarfasa da ƙarfi, tururi ya rufe tsakar gida har ba ka ganin ƙofar zaure. Sai ta tsoma damin darbejiya, a kai bayan zana, a zaunar da Yaya a kan kujerar tsuguno. Daga ɗaki kana jin faf, faf, da Yaya tana salati tana cewa Inna ki bari ya huce. Inna ta ce in ya huce me ya rage, so take sanyi ya shige ta ya kwantar da ita in ta tsufa? Bayan wanka sai kunun kanwa mai zafi, da gasasshen nama da yaji ranar da Malam Sani ya kawo. Da la'asar a sake komai daga farko. Hannuwan Inna suka yi ja, fatar bayansu ta soma saɓulewa.

Mai jego ba ta shan ruwan sanyi. Nata ruwan shan, a wata ƙaramar buta ake tafasa shi a gefen wutar, a juye a filas. Mu saura, randa.

Randar Inna abin alfaharinta ce. Da ruwan sama ya yi yawa rijiya ta taso har ana ɗiba da rabin igiya, ruwan ya koma kalar kunun tsamiya. Inna ta kan ɗebo a bokiti, ta juya ɗan alif a ciki, ta bar shi ya kwanta. In laka ta sauka ƙasa sai ta tace da farin ƙyalle a randa, ta jefa saiwar jema. Ruwan ya fito garai, mai sanyi, mai ƙamshi. Abokan cinikin Baba sukan ce a taimaka musu da ruwan randar Inna tun kafin su gaisa da kyau. Ban taɓa shan ruwa mai daɗinsa ba, har yau.

Bilki tana da kwana goma aka kawo mana sanarwa a ofis cewa amai da gudawa ta ɓulla a wasu unguwanni. Aka tura ni da wani babba a sashenmu mu ɗauko bayani a ɗakin gwaje-gwajen wani asibiti. Ma'aikacin da ya karɓe mu dattijo ne mai haƙuri. Da ya ga ina ta rubuta ƙwayoyin cuta, ƙwayoyin cuta, sai ya tambaye ni ko na taɓa ganinsu. Na ce a'a. Ya ɗiga wani abu a kan gilashi, daga bayan gidan wani mara lafiya, ya sa a ƙarƙashin madubin da ke ƙara girman abu, ya ce in duba. Da farko haske kawai na gani. Da ya murɗa, sai ga su, ba iyaka, ƙanana, a lanƙwashe kamar waƙafi, suna wulgawa kamar tartsatsin wuta. Na ɗago kai na dubi gilashin da idona. Ɗigon ruwa ne kawai.

Abin da ya gaya mini a ranar, na karanta shi a iska sau da yawa tun daga nan, har na haddace. Bakteriya halitta ce mai rai, amma duk jikinta ƙwaya ɗaya ce tak. Ba kai, ba ido, ba ciki. Ba ta aure, ba ta ɗaukar ciki. In ta ci ta girma sai ta rabe biyu, biyun su zama huɗu, huɗun su zama takwas. In ta sami ɗumi da danshi da abinci, wasu nau'in ba sa kai rabin sa'a kafin su sake rabewa. Mafi yawansu ba ruwansu da mu. Wasu ma da su muke rayuwa: su ke mayar da madara kindirmo, su ke nuna daddawa, suna nan fal a hanjin kowa suna taya shi aikin abinci. Ta kwalara kuwa da bayan gidan mai ɗauke da ita take fita, ta shiga ruwa, wani ya sha. Tsamin da ke cikin tumbin mutum yana kashe da yawa daga cikinsu. Waɗanda suka tsira su wuce ƙaramin hanji, su manne a jikinsa, su yi ta rabewa. Ba sa cin naman mutum, ba sa shiga jininsa. Dafi suke saki, dafin ya sa hanji ya riƙa zubar da ruwa da gishirin jiki maimakon ya tsotsa. Mutum ya tsiyaye kamar tulun da ya fashe ta ƙasa. Babba mai ƙarfi na iya tashi lafiya da safe, a yi masa sallah kafin rana ta faɗi.

Na tambaye shi alif fa. Ya ce alif yana tara laka ya kai ta ƙasa, ya kan ja wasu ƙwayoyin tare da ita, amma ba ya gamawa da su. Ƙyalle kuwa, ramukan saƙarsa a wajensu ƙofar gari ne. Tafasawa ita ce ba sa tsira daga gare ta.

Da yamma na tarar Inna tana kwashe garwashin wankan la'asar. Na tsuguna kusa da ita na yi mata bayani, a hankali, daki-daki, yadda aka koya mini. Ta saurara har ƙarshe. Sai ta miƙe ta ɗebo ruwa a moɗa daga randa, ta kai shi inda haske yake, ta ce Malama mai rediyo ta nuna mata ko da guda ɗaya. Na ce ai ba a ganinsu. Ta ce wato shekara ashirin da biyar dabbobi take ba mu muna sha, ga ni nan kuwa har na yi ƙibar da zani ba ya zagaye ni. Na kawo mata misalin kindirmo da daddawa don ta yarda akwai abin da ke aiki ba a ganinsa. Ta ce to ai 'yan gida ne ashe, tun kakarta suke tare, ba su taɓa faɗa ba. Yaya tana jinmu daga ɗaki tana dariya tana riƙe ciki.

Ba abu mai yawa na nema ba. Wutar wanka tana ci sau biyu a rana, harshenta yana fita ta gefen duro yana lasar iska. Tukunya ɗaya nake so a jingina a wannan gefen. Inna ta ce in je in gaya wa mai dokar.

Baba yana zaure yana ƙarasa wani wando kafin haske ya tafi. Bai tsayar da keken ba sai da na gama. Ya cire tabarau.

"Dije, ba za a ce gidana ya sha ruwa da itacen suruki ba."

Na ce ko itace ɗaya ba za a ƙara ba, wutar da ke ɓata ce kawai. Na ce in ya yarda ni zan tambayi Malam Sani, na san ba zai ƙi ba.

"Na san ba zai ƙi ba," in ji Baba. "Shi ya sa ba za a tambaye shi ba."

Ya mayar da tabarau, keke ya ci gaba.

Ranar hutuna na gwada da namu itacen. Sa'a biyu ina fama da hayaƙi kafin tukunya ɗaya ta tafasa, na cinye rabin abin da aka tanada don tuwo. Ruwan ya fito yana warin gawayi. Baba ya kurɓa ya ce wannan ai na marasa lafiya ne, ya miƙo mini moɗar. Na shiga ɗaki in wanke idona. Da na fito tukunyar wayam. Inna ta juye ruwan a randa, a kan wanda ke ciki, wai don ya yi sanyi ya ɗauki ƙamshin jema, tunda na wahala a kansa kada ya tafi a banza. Da kyakkyawar niyya ta yi. Tuwon ranar bai nuna sosai ba, haka kowa ya ci.

Daga nan na bari. Wannan shi ne abin da ban taɓa faɗa wa Yaya ba. Na sami kwalba, kullum in cika ta da ruwan butar shayi ta ofis, in sa a jaka, in sha a ɗaki ni kaɗai. Kwalba ɗaya ba ta isar gida, haka na gaya wa kaina. Na kare kaina na yi shiru. Sau uku a mako ina karanta sanarwar da muryar da aka horar, ina jan kunnen jama'a su tafasa ruwan sha, su haɗa ruwan gishiri da sukari da zarar gudawa ta fara. Shirin lafiya bayan labaru yake zuwa. Baba kuwa da zarar an gama labaru yake kashe rediyo saboda batir.

Yanzu a gidan Yaya buhun ruwan leda ne jingine a bayan ƙofa, Bilki tana fasa ɗaya da haƙori tana duba wayarta. In gas ya ƙare a aika a cika. Na shiga Makera bara gaisuwar rasuwa, na bi ta layinmu. An ƙara ɗakunan haya a kowane gida, an ƙara masai, rijiyoyin suna inda suke.

Ranar kwana ashirin da uku da haihuwa aka yi ruwan da ya fi kowane. Tun hantsi sama ta yi baƙi, ruwa ya sauko kamar ana juye shi, bai tsaya ba sai bayan la'asar. Kwata ta cika ta dawo da baya. Masan maƙwabta ya tumbatsa, ruwan ya biyo ta rariyar katanga ya malale tsakar gidanmu har idon sawu, yana ɗauke da abin da ba sai na faɗa ba. Bakin rijiyarmu bulo ɗaya ne tsayinsa, kuma ya tsage ta gefe. Ina tsaye a ƙofar ɗaki ina kallon ruwan yana zagaye shi. Abin da ya dami Inna shi ne itace. Ita da Baba suka yi ta ɗaga shi suna ɗorawa a kan benci da akwatuna, ko ɗaya bai jiƙe ba. Da ruwa ya janye ta share gidan tas, ta watsa toka, ta ninka alif. Na ce Inna, na rijiyar nan kam kada a sha. Ta ce to na ina za a sha? Ruwan sama da muka tara a baho ya ƙare a kwana ɗaya.

Kwana biyu bayan haka, da asuba, ba Inna ta tashe ni ba, ƙarar gugarta ce. Na fito na karɓa. Kafin duro ya cika ta zaga bayi sau biyu. Na tambaye ta, ta ce ciki ne ya ɗan juya, ta jiƙa jar kanwa ta sha kamar yadda ta saba in ƙwannafi ya dame ta. Na ce ko in zauna. Ta ce in zauna in yi mata me, in karanta mata labaru? Aikin safe gare ni, kuma in ban fita da wuri ba ba zan sami mota ba. Na dube ta. Tana tsaye, tana gyara wuta. Na ɗauki jakata na fita.

Abin da ya biyo baya daga bakin Yaya na ji. Inna ta yi mata wankan safe cikakke, ba ta rage ko ɗaya ba. Daga nan ta soma zarya da buta. Abin da ke fita ya koma fari kamar ruwan da aka wanke shinkafa, sai amai ya biyo. Yaya ta kawo mata ruwa, ta ture, ta ce duk abin da ta sha fita yake, gara a bar cikin ya bushe ya tsaya. Ta hana a gaya wa Baba. Mace mai shekarunta ba ta aika wa mijinta cewa tana gudawa.

Da hantsi Malam Sani ya zo ganin 'yarsa. Ya zauna a zaure da Baba, aka kai masa jaririya, suka shiga hirar rashin mai. A lokacin Inna ta riga ta kasa kai kanta bayi, tana kwance a ɗaki a kan tabarma, ƙafafunta suna ɗaurewa. Yaya ta ce za ta kira su. Inna ta riƙe bakin zaninta.

"Mijinki yana gidan nan. Ki bari ya tafi."

Ya fi sa'a guda bai tafi ba. Ba shi da laifi. Baba ya sa an kawo masa ruwa daga randa, ya ce ya gode, ya riga ya sha shayi kafin ya fito daga gida, bai sha ruwan ba.

Da ya fita, Yaya ta yi abin da mai jego ba ta yi: ta yafa mayafi ta fita waje, ta buga ƙofar Maman Ladi. Maman Ladi 'yar kudancin Kaduna ce, gida biyu tsakaninmu, tana aikin kula da marasa lafiya a wani asibiti, ranar tana hutu. Ita da Inna sun shekara goma suna musayar tuwon sallah da shinkafar Kirsimeti. Tana shiga ɗakin ta kama fatar cikin Inna ta ja ta saki. Fatar ta tsaya a tattare, ba ta koma ba. Ta leƙa zaure da kanta, ba sallama, ta ce wa Baba ya bar ɗinkin nan ya zo. Ta nemi gishiri, da sukari, da ruwan da aka tafasa. Tafasasshen ruwan sha a gidan kaf, na filas ɗin mai jego ne kaɗai. Da Inna ta ga an ɗauko shi sai ta kau da kai, ta ce na waccan ne.

"Mama, yau ke ce mai jegon," in ji Maman Ladi. "Buɗe baki, ko in toshe miki hanci kamar yaro."

Ta riƙa ba ta da cokali. Cokali uku ya shiga, biyu su dawo. Filas ɗin ya ƙare kafin azahar.

Ƙarfe biyu da kwata na iso gida. Abin da na fara gani shi ne Baba a tsugune a tsakar gida, babu hula, gaban wuta mai ƙarfi. Babbar tukunyar tuwonmu ce a kai, tana tafasa. Itacen Malam Sani ne a ƙarƙashinta, ya cusa ya fi abin da murhun ke ɗauka. Bai dube ni ba, na wuce ɗakin Inna.

Matar da na bari a tsaye da asuba ba ita na tarar ba. Idanunta sun faɗa ciki, kumatunta sun lotsa, yatsunta sun yamutse kamar na wadda ta wuni tana wanki. Jikinta sanyi ƙalau. Muryar ta tafi, sai raɗa. Na fito da kwalbata daga jaka, saura rabi, na miƙa wa Maman Ladi. Ta karɓa ba ta tambaye ni daga ina ba. Yaya ma ba ta lura ba. Inna ta lura. Ta dubi kwalbar, ta dube ni. Da na sunkuya kusa da bakinta, abin da ta ce shi ne a ɗora wa waccan na yamma, kada lokaci ya wuce.

Maman Ladi ta ce cokali ba zai riƙe ta ba, sai ƙarin ruwa ta jijiya. Baba ya fita neman mota. Ya je bakin titi, ya je gidan wani Alhaji mai a-kori-kura, motar tana nan, tankin babu ko ɗigo. A ƙarshe kurar masu sayar da ruwa aka aro, aka sauke jarkoki, aka shimfiɗa katifa, aka kwantar da Inna a kai. Muka rufe ta da leda saboda yayyafi. Baba da wani maƙwabci suna turawa, ni da Maman Ladi muna gefe muna riƙe kanta. Taya tana nutsewa a laka muna ɗagawa. Inna, wadda ba ta taɓa fita ƙofar gida ba mayafi ba, haka aka ratsa da ita Makera ana kallo.

A ƙaramin asibitin da muka kai ta, gadaje sun cika, mutane suna kwance a baranda a kan tabarmi, an rataye ledojin ruwa a ƙarafunan taga. Ma'aikatan ba su yi mana jinkiri ba. Wata nas ta nemi jijiya a hannun dama, ta nema a hagu, duk sun kwanta. A ƙafa ta samu. Ledar farko ta shiga, ta biyu ta kai rabi. Inna ta cika bayan la'asar, kafin a kira magariba.

Bayan shekaru, a wata hira da na yi da wani likita don shiri, na tambaye shi a gefe me ya sa mutum biyu za su sha ruwa ɗaya, ɗaya ya tashi ɗaya ya tafi. Ya lissafa dalilai. A ciki ya ce duk abin da ke rage tsamin tumbi yana buɗe wa ƙwayar hanya, ya ba da misali da masu yawan shan kanwa. Na gode masa, muka ci gaba da ɗaukar shiri.

Baba ya yi gudawa kwana biyu, mara tsanani, ya sha ruwan gishiri da sukari ba gardama, ya tashi. Yaya da Bilki ko ciwon kai ba su yi ba. Ni ma haka. Na lissafa daga baya: daga washegarin haihuwa zuwa safiyar ranar, sau arba'in da bakwai Inna ta tafasa rabin duro na ruwa a tsakar gidan nan da hannunta, taku huɗu daga randar da take sha. Ba wanda ya gaya wa Malam Sani dokar da aka kafa a kan itacensa. Ya rasu shekara shida da suka wuce bai sani ba.

Ƙanwar Baba ta zo daga Zariya ta ƙarasa wa Yaya kwanakin wankanta. Ma'aikatan duba-gari sun iso layinmu kwana tara bayan jana'iza, suka zuba magani a rijiyoyi bakwai, har da tamu. Kafin zuwansu an binne mutum huɗu daga layin.